Mai Gadin Ƙirjina

Ni baduku ne, a Birni aka yanke mini cibi.
Shekara talatin basilla ba ta taɓa rawa a hannuna ba,
sai wata Alhamis a Kasuwar Dole,
ina cikin cinikin jaka, an taya jika huɗu,
ƙirjina ya kama lugude babu turmi,
gumi ya tsatso har tafin hannu,
rumfuna suka matso, sama ta sauko.
Na ce wa yarona: riƙe ni, Kalla, tafiya ta zo.

Ban tafi ba.
Kullum in yi sallama da duniya, kullum in wayi gari,
ina tsoron dawowar tsoro.
Na bar kasuwa, na bar hawan kabu-kabu,
a masallaci sai sahun baya, dab da ƙofa.

Aka ce iska ce. Aka ce an sa mini hannu.
Magaram ta sayar da tunkiyarta,
na sha hayaƙi har rigunana suka koma warin jiƙo.

A babban asibiti suka manna mini wayoyi,
takarda ta fito da zane, hawa da gangara
kamar duwatsun bayan gidanmu.
Likita ya ce zuciya lafiya lau.
Wallahi haushinsa na ji.
Ya nuna mini ɗakin ƙarshe,
wanda ba a son a ga mutum a bakinsa.

Can na tarar da Majo Zabairu, tabarau ɗaure da zare.
Ya bar ni na zazzage buhuna kaf, bai duba agogo ba.
Ya ce: “Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba.
Ciwon fargaba ne, kuma yana da magani.
Kowane jiki da mai gadinsa.
Naka ne ya daina barci,
kyanwa ta gifta sai ya kwarma ihun ɓarawo.
Ba korar sa za mu yi ba. Tarbiyya za mu sake masa.”

Ya koya mini jan numfashi kamar zaren ɗinki,
a hankali, kada ya tsinke:
huɗu ciki, shida waje.
Ya ba ni ƙwaya ƙarama, bai yi mini ƙarya ba,
ya ce sai ta yi makonni kafin ta kama,
kamar fata a cikin bagaruwa,
kuma kada in yar da ita ranar da na ji sauƙi.
Ya rage mini shayi. Nan muka yi gardama.

Sai aikin gida:
yau ka tsaya a bakin kasuwa, ka juyo.
Jibi ka kai layin masu tattasai.
Na kai, gwiwa na kaɗawa. Na tsaya har ta gaji.
Wata rana na gudu. Na koma na faɗa masa.
Ya ce: to, gobe ma rana ce.

Jiya da tsakar dare muna layin pampo,
bidona biyu, maƙwabta na gyangyaɗi.
Pampon ya yi huci, ya yi tari, babu ko ɗigo.
Ƙirjina ma ya fara.
Na dafa shi, na ce: na ji ka, mai gadi, kyanwa ce.
Huɗu ciki, shida waje.
Ruwan bai zo ba sai asuba.
Ina nan tsaye, ni na fara tara.