Zaren Hamajoda

A garejin Hamajoda, bayan kasuwar Garwa,
inda guduma ke riga mutum yin sallama,
na kai ƙarar motata:
tana shan mai kamar yashin Binuwai da bazara,
inji kuwa sau uku ana dubawa, lafiyarsa lau.

Ko bonet bai ɗaga ba.
Ya zagaya ta, hannu a baya, kamar mai tayin sa,
ya tsaya kan ragar ƙarfen da na kafa a rufi
don buhunan albasar Marwa.
Ya ce, "Abbo, ɓarawonka iska ce."
Na yi dariya. Iskar da yaro ke hura wa kunu?

Sai ya yanko zaren auduga guntu-guntu,
ya bi jikinta da gam daga goshi har wutsiya,
ta koma kamar tsohuwar da furfura ta fito wa dare ɗaya.
Yaronsa Sali ya ja ta hanyar Fitowa,
mu muna gefe a babur, ido ya ƙi ƙiftawa.

Zaren gaba ya kwanta lamo, kowanne ya san alƙiblarsa.
Na wajen ragar nan kuwa ya haukace,
yana rawa ba kiɗa, yana marin ɗan'uwansa.
A baya, inda aka datse motar tsaye kamar katanga,
wasu har juyowa suka yi suna nuna gaba.

Hamajoda ya ɗaga murya ta kan kafaɗa:
"Ka gani? Gaba tana tura ƙirjinka,
baya tana riƙe da rigarka kamar mai bin bashi.
In ka ninka gudu kuma,
ita sau huɗu take ninka nata harajin."

Da muka dawo ta bakin gada
ya karɓi giwan ruwa daga hannun wata mai kifi,
ya shafa shi da yatsa mai baƙin mai:
"Kai a dunƙule, wutsiya a tsuke.
Ruwa ya buɗe masa, ya rufe a bayansa, ba gardama.
Wannan bai taɓa zuwa gareji ba."
Matar ta ce in an gama karatu a biya ta.
Ni na biya.

Yanzu albasa a ciki take zama, fasinja na tsaki,
ƙafata ta daina faɗa da totur bayan Figil,
kwalba uku ta zuwa-zuwa nake ragewa duk sawu.

Zaren duk na cire, ban da ɗaya a gefen madubi.
Ya yi baƙi da hayaƙi.
In ya kwanta, na san muna shiri da ita.
In ya soma karkarwa, sai in ɗaga ƙafa kaɗan.