Rariya

Tun ranar da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna
saura minti ɗaya a tashi,
'yan Gangare suka raɗa mini suna ba rago:
Rariya.
Mai shayi ya fara, yaran bakin Dilimi suka ɗauka,
har na koma in an kira Haladu sai in waiga in ga da wa ake.

Koci ya ce in je Rayfield in ga wata mata.
Na ce gwiwata ƙalau, kaina ƙalau.
Ya ce je ka dai.

Madam Kachollom ba ta auna jinina ba.
Kujerar roba ta jawo, ta ajiye tsakaninmu, ba kowa a kai.
"Wannan da ke sanyaya maka hannu,
ba shi wuri ya zauna. Wa za mu kira shi?"
Na yi dariya don kunya. Na ce Magulmaci.
"To, ƙarfe nawa yake zuwa?
Me yake raɗa maka?
Wa ke biya masa kuɗin mota?"

Na faɗa. Na daɗe ina faɗa.
Shayin da ta zuba mini ya huce.

Sai ta ce, "Akwai ranar da ya zo bai same ka gida ba?"

Shiru.
Can sai ga Bukuru, ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya,
bugun daga kai sai mai tsaron gida,
na tashi hagu, yatsana ya goce, raga ba ta motsa ba.
Sai ga yayata Talatu tsakar dare
tana ɗinke mini safar hannu da zaren buhun dankali.
Ina na ajiye waɗannan duk watannin nan?

"Rubuta," in ji ta. "Wancan minti ɗaya ne.
Sauran tamanin da taran fa, na waye?"

Asabar ɗin nan ma ya zo, ba zan ɓoye ba,
ya tsuguna bayan raga yana sana'arsa.
Na ce matsa, malam, kana tare mini haske.
An ci mu ɗaya. Na tare shida.

Yara na nan suna kiran Rariya.
Inna tana tankaɗe da yamma, ba ta ko ɗago kai ba,
ta ce, "Su duba mana abin da ke saura a cikinta."