Kifin da Bai Isa Miya Ba

Su biyar na sayo a leda, a wani shago can Gawon Nama,
na rungume su a kan kabu-kabu kamar mai dakon ƙwai.
Gupi sunansu, in ji mai shagon, ba su da wuyar sha'ani:
ruwa, ɗan abinci, sai kallo.
Na yarda.
Wanda bai taɓa kiwo ba, kowa malaminsa ne.

Akwatin gilashi sabo, tsakuwa sabuwa,
ruwan famfo na tara na juye nan take.
Kafin in cire takalmi Luba ta gama raɗin suna,
mai jar wutsiyar nan ta ce shi ne Ɗan Gaye.

Kwana shida lafiya lau.
Ran na bakwai Ɗan Gaye ya naɗe wutsiya
kamar laima bayan ruwa ya ɗauke,
ya raɓe a kusurwa, baki a saman ruwa,
yana haki babu sauti.
Ɗigo-ɗigon fari a jikinsa, sai ka ce an barbaɗa masa tsaki.

Yaya ake tambayar kifi ina ke ciwo?
Akuya takan yi kuka, kaza ta saki fiffike,
wannan ko ƙifta ido bai iya ba.

Na tafi Kwalkwalawa wurin Baba Jabbi,
shekara arba'in yana jefa birgi a Rima.
Na nuna masa hoton a waya. Ya matso da ita, ya nisanta,
ya yi dariya har da tari:
"Wanga? Wanga ko miya ba ya isa!
Sau nawa kaka ba su abinci?"
Na ce huɗu, wani lokaci biyar.
Dariyar ta tsaya.
"Ruwan na ba lahiya. Ka shaƙe su da alheri.
Gyara ruwa, kihi shi gyara kainai."

Daga ranar ruwa sai ya kwana a randa
kafin ya ga gilashi.
Bayan Asuba nakan zuƙe kashi ɗaya cikin uku da siririn tiyo,
in mayar da sabo a hankali, ta jikin bango.
Gishiri a bakin cokalin shayi.
Abinci na hana kwana biyu cur,
Luba na harara ta kamar wani azzalumi.

Daren Laraba, cikin zafin bazarar nan tamu
da ke gasa katifa tun kafin a kwanta,
wuta ta ɗauke ƙarfe biyu.
Injin kumfa ya yi tsit.
Na tashi da tocila a baki,
in ɗebo ruwa a kofi, in sheƙa daga sama,
in ɗebo, in sheƙa,
kamar mai shayi a bakin tasha,
ko iska ta samu hanyar shiga.

Inno ta tsaya a ƙofa, ɗaurin ƙirji, ido rabi.
"Da ni ce kwance, za ka yi haka?"
Ban sami amsa ba.
Ta daɗe tana duban kusurwar nan,
sannan ta ce, "Kawo kofin, hannunka na rawa."
Muka yi ta karɓa-karɓa har kiran farko.

Da gari ya waye akwai gawa a kan tsakuwa.
Ba shi ba ne.
Wata 'yar toka-toka ce, wadda ba wanda ya taɓa kula da ita,
har Luba ta manta sunan da ta sa mata.
A kwalin ashana muka binne ta, gindin zogale.
Luba ta tambaye ni me ya same ta.
Na ce ban sani ba, ban duba ba.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Ɗan Gaye ya buɗe wutsiya, amma gefe guda a yage,
yana iyo a karkace, yana ture 'yan'uwa wurin ci.
Ni kuwa in na zo da safe
ba shi nake fara nema ba.
Ƙirgawa nake yi, da yatsa a jikin gilashi:
ɗaya, biyu, uku,
ina ta huɗun ta shiga?