Huɗu Duk Gaskiya, Ɗaya Ake So

Ƙarfe bakwai muka ja layi a Farfaru,
katin shaida a hannu, gumi ya riga rana fitowa.
Luba ta ce ta kwana da lissafin ɗigon ruwa,
ni na kwana da murɗawar ciki.

Kwamfuta ta ashirin da tara aka ba ni.
Kujerar ƙafarta guda gajera ce,
duk tambayar da ta girgiza ni, ita ma sai ta girgiza.

Ta farko ta shigo da sallama:
ina jini ke zuwa in ya bar gefen dama na zuciya?
Na ce huhu, na danna, na yi murmushi.
Ashe tallar mai fura ce,
ɗanɗano kyauta, ƙwarya da kuɗi.

Ta sha bakwai ta ɓoye "ban da" a wutsiya
kamar kunama ƙarƙashin tabarma.
Har na wuce, na dawo, na gan ta ta ɗaga ƙari.

Sai mai cewa zaɓi duk waɗanda suka dace.
Nawa ne suka dace? Ta yi gum.
Ki ɗauki uku, na huɗu ya harare ki,
ki haɗa da shi, ki zubar da ukun.
Malam Marafa ya sha faɗa mana a aji:
"Wagga tambaya ba ta san rabin lada ba."

Ta sittin da biyu ce ta tsayar min da numfashi.
Majinyata huɗu, ke kaɗai, ƙarfe biyun dare.
Tsoho mai ciwon suga yana karkarwa.
Mai jego zaninta ya jiƙe.
Yaro yana jan iska kamar da awo ake sayar masa.
Wani ya fizge allurar ruwa yana ihu.
Wa za ki fara dubawa?

Na san ɗakin nan.
Wata uku na yi a cikinsa a Boɗinga,
fitilar waya a bakina, safar hannu ɗaya ta yage,
wata uwa ta damƙe gefen rigata
ta ce, "Ɗiyata, mi kika jira?"
A allon nan babu mai damƙar riga,
babu warin magani, babu kukan ƙofa,
agogo ne kawai a kusurwa
yana cin daƙiƙa kamar gara a azara.
Iska kafin jini, jini kafin ihu.
Na zaɓi yaron.
Mai jego, ki gafarce ni, ina zuwa.

Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari sau biyu ya tashi.
Ruwa mililita ɗari biyar cikin awa huɗu,
ɗigo nawa a minti?
Arba'in da ɗaya da 'yar ɗoriya.
Allon bai san ɗoriya ba. Arba'in da biyu.

Washegari gwajin hannu,
tasha bayan tasha, minti biyar, ƙararrawa.
Mutumin roba kwance, bakinsa buɗe tun daga masana'anta.
Na wanke hannu, na ja labule,
na ce, "Sannu Baba, ina ke maka ciwo?"
Dattijuwa mai tabarau a kan hanci
ta yi wani ɗan zane a takardarta.
Ban ga ko maki ne ko saɓaninsa ba.

Da la'asar na tare ɗan kabu-kabu zuwa Mabera.
Ya juyo zai faɗi kuɗi,
na ga farin idonsa ya koma kalar kurkur.
Na ce, yaushe wannan ya fara?
Fitsarinka fa? Me kake sha?
Ya ce sati biyu, da jiƙon wani mai magani a Kara.

Babu zaɓi huɗu a ƙarƙashinsa.
Sakamako sai bayan wata biyu, in ji su.
Na ce masa, juya, ba Mabera za mu ba,
asibiti za ka kai mu, ni zan biya.