Keken Tsakiya

Wata goma sha huɗu ina tara kuɗin
a gwangwanin shayi, bayan buhun shinkafa,
ladan zannuwan gadon baƙi da na wanke,
na goge, na ninke a otal ɗin bakin tafki.
Ran Asabar na juye su a kan tabarma.
Maiya ta ƙirga sau biyu, ta ce, "Kuɗin firji ke nan fa."
Na ce na sani.
Ba ta ƙara ba.

Shagon Phurba yana ƙasan Pokhara,
inda warin roba ke kokawa da na giris.
Ta nuna mini kekuna uku.
Na farko ja wur kamar barkono,
na ɗaga shi, sai ka ce ƙyauren ƙarfe.
Ta ce, "Damina ɗaya zai ɗauke ka,
ta biyu kai za ka goya shi."
Araha ba ta ado, wannan na sani tun ina yaro.

Wani na rataye a sama, baƙi, siriri,
yatsu biyu sun isa su ɗaga shi.
Na juya takardar farashin, na mayar a hankali
kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba.
Kuɗin bauna biyu ne, har da 'yar maraƙa.

Sai na tsakiya.
Kore ne, irin koren da ba wanda ya so,
samfurin bara, da ƙarzuwa a ƙasan sirdi
da ya samu a bayan mota daga Kathmandu.
Giya goma a baya, ɗaya a gaba,
birkin faifai mai aiki da mai,
shokozoba marar suna, amma tana numfashi.
Phurba ta sa na hau, ta dubi gwiwata,
ta ɗaga sirdin da faɗin yatsu uku.
"Ido ba ya tuƙa keke. Zagaya ka dawo."

Na zagaya ta kan tsakuwa da gangan,
na faɗa rami biyu, haƙorana ba su haɗu ba.
Ta ce dubu saba'in da biyar.
Na ce sittin, ina nuna ƙarzuwar.
Ta yi dariya, ta aika yaro ya kawo shayi.
Kafin kofin ya huce mun tsaya a sittin da takwas,
da famfo kyauta, hular kwano kuma bashi.

Ba don wasa na saye shi ba.
Uwata na can sama, bayan Sarangkot,
kuma in ruwan damina ya zaftare hanya
bas yakan juya, ya bar maganinta a aljihuna.

Hawan farko, wani saurayi ya wuce ni fiu
a kan irin baƙin nan mai tsada.
Ban bi shi ba. Da me?
A kwana ta bakwai cinyoyina suka ƙi,
na sauka na tura, ina huci kamar zugazugi,
awaki suna kallona ba kunya.
Gajimare ya yage kaɗan,
ƙanƙarar Dutsen Wutsiyar Kifi ta leƙo, ta koma.
Na sake hawa. Sarƙa ta kama giya ta ƙarshe,
tik, tik, tik, har ƙofar gida.

Uwata ta karɓi maganin,
ta shafa firam ɗin da tafin hannu kamar mai duba saniya.
"Tek, nawa?"
Na faɗi rabin kuɗin.
Ta girgiza kai. "Sun cuce ka."

Gangarowa, iska ta cika mini baki,
na yi ihu, ni da furfurata, ba mai ji sai masara.

Da dare na tarar da Maiya a tsugune,
tana cire taɓo daga taya da tsinke.
Madara na nan a kan taga cikin kwanon ruwa,
gobe ma za ta yi tsami.
Ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
"Wannan sirdin, yana sauka ƙasa?"