Alƙalancin Tsintsiya

A Madurai, gaban tsohuwar silima,
ruwa ya ɗauke, kwata na ta gudu,
mu huɗu a bencin mai shayi,
kowa da kofinsa, kowa da ra'ayi.

Ni ne mai manna hotunan talla da tsakar dare,
tsani a kafaɗa, bokitin gam a hannu.
Fuskar jarumi na riga gari ganinta,
na san inda aka shafe tamojinta.

Arumugam mai keke ƙafa uku ya daki benci:
"Bana babu fim sai na ɗan sandan nan mai gashin baki!
Kun ga tallan? Mari ɗaya, bakwai a ƙasa,
na takwas ya tuba tun ba a iso kansa ba.
Ranar fitowa ni zan hau can sama
in kwarara wa hotonsa madara galan biyu."

Ilango ɗan kwaleji ya goge tabarau.
"Madarar nan kai wa 'ya'yanka su sha.
Shekara ashirin ana murza gashin bakin nan,
labarin ya tsufa, sai rini ake ƙara masa.
Ku jira na masunciya, wanda aka ɗauka a teku,
wata tara suna zaman jiran iska.
Ba duka, ba rawa."

"Ba rawa?" in ji Kathiresan mai shayi,
yana jan madara daga kofi zuwa kofi kamar zare.
"To kuɗina in biya in kalli ruwa?
Ni nawa na jirgin ƙasa ne, ba na ja.
Ƙanin matata yana ciki,
minti na arba'in zai gifta da akwati a ka."

Musu ya yi musu har shayi ya huce.
Arumugam ya sa gashin bakinsa a caca,
Ilango ya kwance agogo ya ajiye,
suka juyo kaina: "Kai da ke manna su, raba mu."
Na ce a hannuna nauyinsu ɗaya,
gam ɗaya ke riƙe su a bango,
saniya ɗaya ke lashe su da asuba.

Sai ga Ponnamma ta ƙofar baya,
tsintsiya a hammata, kwando a kwankwaso.
Shekara talatin da ɗaya tana sharar ɗakin nan.
Ta karɓi shayinta a tsaye, ta ce:

"Ni ban taɓa ganin farkon fim ba,
sai an kunna fitila nake shiga.
In fim lami ne, ɓawon gyaɗa har idon sawu,
baki ke aiki tunda ido ya rasa nasa.
In na duka ne, yagaggun takardu,
kujera biyu a karye, wani ya bar haƙori.
Amma akwai wanda in na shiga
ƙasa fes, kamar na riga na share,
ƙullin gyaɗa ba a ko kwance ba,
laima uku an manta, ga ruwa a waje,
da wani dattijo a layi na tara
zaune, bai san an gama ba.
Sau uku na ga haka. Uku tak.
Ba a sayen kifi a ruwa, yarana,
ku neme ni ƙarshen shekara."

Ta ajiye kofi, ta wuce.
Arumugam ya shafa gashin bakinsa a hankali.
Ilango ya mayar da agogo, bai ce komai ba.
Kathiresan ya ce, ƙasa-ƙasa,
"Duk da haka, minti na arba'in."

Na saɓa tsani na nufi bangon asibiti.
Ɗan sanda, masunciya, jirgin ƙasa,
na jera su kafaɗa da kafaɗa,
saniyar na tsallaken titi tana kallona.