Bakwai Na Karɓa

Sajan Mantau ya buɗe akwatin ƙarfe,
warin mai da tsatsa ya tarbe ni tun daga ƙofa.
Ya shimfiɗa tsumma a kan tebur,
ya jera min biyu kamar mai kasa goro a Ƙofar Guga.
Ya ce, "Zaɓi, Kofur Tasalla.
Ni mai ajiya ne, ke ce mai ɗauka."

Ta farko baƙa ce, gajera, mai kauri,
harsashinta milimita tara.
Na ɗaga ta, wuyan hannuna ya amsa sallama.
"Wannan in ta yi magana ba a cewa ta maimaita,
amma tana shurin mai ita kamar jakin da bai ƙoshi ba,
kuma ƙugunki zai san da zamanta
tun daga asuba har kiran isha."

Ta biyu ba ta fi tafin hannuna ba.
Harsashinta kamar ƙwayar gurjiya,
na juya ɗaya a yatsa, dariya ta kusa kama ni.
"Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce," in ji shi.
"Sai dai tana son kusa.
Daga nesa tari kawai take yi."

Ni kuwa aikina ba na kaki ba ne.
Zama nake a tashar Batsari cikin masu awara,
hijabina ya koɗe, silifa ɗaya da ɗinki,
ina ƙirga wanda ya sayi burodi talatin
alhali gidansa mutum uku ne,
da mai jarkar fetur da ba shi da babur.
In tudu ya fito a ƙarƙashin mayafina
lokacin da na sunkuya ɗaukar canji,
to an gama karanta ni,
kuma labari ya riga ni isa daji.

Na tuna Insifeto Ɗanliti.
Babbar yake ratayawa, yana shafa ta kamar gemu.
Ranar da aka tare su bayan Ruma
ko maɓallin kubenta bai kai ga ɓallewa ba.
An dawo da ita cike, an dawo da shi a tabarma.

Muka zagaya bayan bariki inda allo yake.
Biyar na saki da babbar:
biyu suka sami katako,
uku suka tafi tayar da kurciyoyi a kan dalbejiya.
Kunnena ya yi ta kuka kamar gyare.
Biyar na saki da ƙaramar,
suka taru wuri ɗaya, faifai zai rufe su.
Sajan bai yaba ba, bai kushe ba,
ya tofar da goro, ya ce,
"Gatarin da ya fi ƙarfin kafaɗarki na maƙwabci ne."

Duk da haka na daɗe tsaye.
In mai zuwan ya sha ƙwaya fa?
In yana da riga uku da laya, yana gudu?
Wa zai ce min gurjiya za ta tsayar da shi?
Babu wanda ya ce. Sajan yana duban agogo.

Na sa hannu a littafi, layi na sha huɗu.
Ƙaramar. Harsashi bakwai.
Ya ƙirga a tafina ɗaya bayan ɗaya
kamar Inna tana ba ni kuɗin cefane,
Inna da har gobe take cewa maƙwabta a Ƙofar Sauri
'yarta takardu take bugawa a ofis.

Da magariba na shiga gida.
Ummita ta sheƙo, hannuwa a buɗe,
daidai tsayin ƙuguna take.
Na juya mata ɓangaren hagu da sauri,
ta rungume inda babu kome sai ni.

Bakwai na karɓa, ya Mai Sama.
Ka sa ranar da zan mayar wa Mantau
ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya tarar da bakwai.